Kiɗa na Goma Sha Bakwai a Faifan Malam Tonomura

Litinin, 2 ga Oktoba, ƙarfe bakwai na safe

Wanke alƙaluma, cika tawada. Sai jirgin ƙasa na takwas da kwata zuwa unguwar Ogikubo, karɓo takardun kiɗa a gidan Malam Tonomura.

Litinin, huɗu na yamma

Na karɓo shida. Goma aka yi alkawari.

Bari in zuba aikin a nan ko na daina juya shi a kai. Faifai na biyu ne na kiɗan 'Yar Mai Gadin Tasha, katun, wato fim ɗin zane, da ake nunawa a talabijin yammacin Alhamis. Kiɗa talatin da biyu, kowanne da lambarsa. Za a ɗauka a situdiyo, ɗakin ɗaukar sauti, ranar Juma'a 27 ga wata, makaɗa ashirin da takwas, yini ɗaya tak. Malam yana rubuta babbar takarda mai ɗauke da komai, ni kuma in fitar wa kowane makaɗi rabonsa da hannu: mai goge nasa, mai sarewa nasa, mai ƙaho nasa. Shekara goma sha bakwai ina yi masa haka, tun ina shagon marigayi Nezu, wanda ya koya mini doka ɗaya da bakin rula: mai kwafa ba ya gyara. In ka ga abin da bai kwanta maka ba, ka sa ɗigon fensir a gefe, ka tambayi mai kiɗan.

Matarsa, Uwargida Kazue, ita ta miƙo mini takardun a bakin ƙofa. Ta ce Malam yana hutawa. Ƙarfe tara na safe. Ta haɗa mini da kanya biyar daga bishiyar bayan gidansu, ba ta ce in shigo ba.

Alhamis, 5 ga Oktoba, sha ɗaya na safe

Kiɗa na goma sha bakwai.

A jerin da mai shirya katun ya bai wa Malam, ga abin da aka rubuta a gaban lambar: "Yarinya ita kaɗai a dakalin tasha, jirgi ya wuce. Baƙin ciki, amma ba na kuka ba. Daƙiƙa casa'in." Haka ake yi, ana rubuta kiɗa tun ba a zana hoton ba.

Ina kwafar rabon sarewa, sai na ga hannuna ya rubuta layi biyu cif ban ɗaga ido na dubi takardar Malam ba. Na duba, daidai ne. Na ajiye alƙalami. Na hau kujera na sauko da baƙin faifan Karen Tsibiri, wanda ya yi wa wani kamfani shekara goma sha ɗaya da suka wuce, ni na kwafa. Gefe na biyu, kiɗa na huɗu. Na saurara sau uku da takardar a cinyata.

Ba kama suka yi ba. Shi ne, daga farko har ƙarshe.

Wataƙila da gangan ya yi. Masu kiɗa sukan ɗan taɓo tsohon aikinsu don raha. Amma ba daƙiƙa casa'in ba, kuma ba abin da wani kamfani yake sayarwa har yau ba. Ko kuma ni ce kunnena ya tsufa. Na sa ɗigon fensir.

Juma'a, 6 ga Oktoba, biyu na rana

Ogasawara na kamfanin faifai ya bugo waya. Kullum kamar yana gudu yake magana.

"Malama Sumie, mai hannun zinariya! Yaya tsohon namu? Yana zubo su?"

Na ce yana zubowa.

"Ki rantse da alƙalaminki."

"Yallaɓai, alƙalamina ba ya rantsuwa, yoyo kawai yake yi."

Ya yi dariya har da tari. Ya ce mai shirya katun ya ɗora kashin ƙarshe na katun ɗin gaba ɗaya a kan na goma sha bakwai, kuma shi za su sa a tallar faifan. Ya ce, "Kin gan shi? Ya yi daɗi?"

Na ce ya yi daɗi. Ban yi ƙarya ba.

Masu sayen faifan katun ba sa mantuwa. Akwai wanda ya taɓa aiko wa kamfani kati daga Niigata don an rage daƙiƙa huɗu a wani kiɗa. Ranar da wannan ya fita, kafin mako ya zagayo sun ce Tonomura ya saci kansa ya sayar sau biyu. Shekara arba'in yana aiki ba wanda ya taɓa nuna shi da yatsa.

Ba aikina ba ne. Aikina ɗigon fensir.

Litinin, 9 ga Oktoba, biyar na yamma

Yau na ga Malam. Ya rame kaɗan, amma bakin yana nan.

"Sumie, har yanzu da wannan jakar? Ta girmi Ogasawara."

"Ta fi shi riƙon amana, Malam."

Ya ji daɗi. Na shimfiɗa masa na goma sha bakwai, na nuna ɗigon. Da, kafin in buɗe baki ya gano abin da nake tambaya, ya ce ko dai "kin kama ni" ko "bar shi, haka nake so". Yau ya riƙe takardar ya daɗe. Yatsansa yana kan layin ƙaho, ni kuwa ɗigona yana can sama kan sarewa. Ya nisanta ta, ya kusanto da ita. Ya cire tabarau ya goge.

Na ce, "Malam, wannan kamar na san shi."

"Kin san shi ina? Watan jiya ya zo mini, ina aski. Rabona da samun irinsa an daɗe." Ya dubi Uwargida. "Ko ba haka ba, Kazue?"

Ta ce shayi zai huce.

Na karɓo na ashirin da ɗaya zuwa ashirin da shida. A jirgi na buɗe. Layin goge na tsakiya babu komai a ciki, a duka shidan. Na ashirin da uku ya tsaya a tsakiyar shafi, kamar an kira mutum waya bai dawo ba.

Talata, 10 ga Oktoba, tsakar rana

Hutu ne. Yaran makarantar bayan gidana suna ta tsere. Ɗigon fensir arba'in da ɗaya.

Alhamis, 12 ga Oktoba, uku na yamma

Uwargida ta kira ni shagon shayin da ke gaban tashar Ogikubo. Ta kawo sauran takardun a ƙunshe cikin ƙyalle. Mun yi hirar ruwan sama, da tsadar kifi, da ɗanta da ke garin Sendai. Sai da kofinta ya ƙare ta ce tun watan bakwai ne lalurar ta kama Malam. Ta ce ranar Talata sukan je wani wuri a Shinjuku. Ban tambayi wane wuri ba, ba ta faɗa ba.

Ta ce, "In ya zauna gaban fiyano kamar ba abin da ya faru. Takardar ce ta zama baƙuwarsa."

Na juya kofina a kan tebur.

"Sumie, ke kin san hannunsa fiye da ni. Ni shekara talatin da takwas shinkafa kawai nake dafa masa."

"Uwargida, kwafa kawai na iya. Sakandare na tsaya."

"Ai ban ce ki yi komai ba." Ta gyara ƙullin ƙyallen, alhali a ɗaure yake. "Wannan ne aikinsa na ƙarshe. Bai sani ba tukuna, amma shi ne. Ina so ya sauka da ƙafarsa."

An soma yayyafi, ta tilasta mini na karɓi laimarta.

Asabar, 14 ga Oktoba, goma na safe

Na cika layin goge na tsakiya a na ashirin da ɗaya. Da fensir, ba da tawada ba, kamar hakan zai rage laifin.

Na san yadda yake yi. Yakan bar gogen nan ya bi bayan babban goge taku biyu, sai ya saki hanya inda ba a zato. Taku biyun na iya. Sakin hanyar ne ban da zuciyarsa. Na rera shi a ɗaki ni kaɗai, sau shida, na goge, na mayar.

Da marigayi Nezu yana raye da yau rula ta karye.

Asabar, shida na yamma

Na ashirin da biyu ma. Na wanke alƙaluma, alhali ban taɓa su ba.

Laraba, 18 ga Oktoba, huɗu na yamma

Na kai wa Baba Mukai rabon masu goge, kamar yadda aka saba, don ya sa alamun jan bakan goge kafin ranar ɗauka. Shi ne shugaban masu goge, shekara talatin yana yi wa Malam kiɗa. Ya zaunar da ni a ɗakinsa mai warin taba, yana buɗe shafi yana guna-guni. Da ya zo na ashirin da biyu ya tsaya. Ya ɗago ta saman tabarau.

"'Yata, wannan gogen na tsakiya ya cika ladabi."

Na ce haka na same shi.

"Tonomura bai taɓa ladabi haka ba, ko ranar aurensa." Ya ɗauki fensir, ya sauke alama ɗaya ƙasa da rabin taku, ya turo mini. "Ga rashin kunyar da ya rage. Ni dai abin da ke takarda nake gogawa, ban san komai ba."

Na kusa yin kuka don sauƙi. Sai ya jawo na goma sha bakwai ya ɗora a sama.

"Wannan kuwa na goga shi da hannuna, lokacin gashina yana baƙi. Mutum tara cikin waɗanda za su zauna ranar Juma'a suna wurin ranar da aka ɗauke shi. Ba za su ce uffan ba, za su dubi ƙasa ne kawai. Kin san yadda ɗaki yake in mutum tara sun dubi ƙasa?"

"Baba, ko ku ku gaya masa? Ku ne sa'anninsa."

"In na faɗa, aboki ne ya ci masa fuska. In ke kika faɗa, aiki ne. Ke yake bai wa takarda."

Juma'a, 20 ga Oktoba, tara na safe

Na sayi tikitin Ogikubo, na tsaya a dakali, jirgi biyu suka wuce. Na dawo gida.

Asabar, 21 ga Oktoba, sha biyu na rana

Mene ne nawa a ciki? In na yi shiru, sunansa ne zai ɓaci, ba nawa ba, ba a ma rubuta sunan mai kwafa a ko'ina. In na gaya wa Ogasawara a ɓoye, zai nemo wani ya cike gurbin, Malam ya ji a bakin mutane. Na juya ta ko'ina, ƙofa ɗaya ce, kuma ita ce ba na so.

Na ashirin da biyar, na ashirin da shida. Yanzu da tawada.

Lahadi, 22 ga Oktoba, biyar na yamma

Na je da faifan a jaka.

Na ce, "Malam, ina so ku ji wani abu, don Allah kada ku tambaye ni sai ya ƙare." Uwargida ta ɗora shi a kan na'ura, allurar ta zame sau ɗaya. Ya jingina ya rufe ido. Sarewa ta shigo. Na dubi tabarma.

Da ya ƙare ya ce, "Wa ya ba su? Ba mu ma ɗauka ba tukuna."

Na miƙa masa kwalin faifan. Hoton karen yana gaba, a tsaye kan dutse. Hoton ya gane. Ya juya bayan kwalin inda aka rubuta suna da shekara, ya daɗe yana kallo, sannan ya miƙa wa Uwargida ya ce, "Karanta mini." Ta karanta.

Mai sayar da gasasshen dankali ya wuce a titi yana talla.

"Tun yaushe kika sani?"

"Tun ranar biyar ga wata."

"Kwana goma sha bakwai kina ɗauke da shi a wannan tsohuwar jakar." Ya shafa fuska. "Sauran fa? Kada ki rage mini."

Na faɗa masa. Layukan da babu komai, da na ashirin da uku, da abin da na yi da hannuna. Na sunkuya har goshina ya taɓa tabarma na ba shi haƙuri. Na zaci zai yi faɗa, na ma fi son ya yi.

Ya ce, "Ɗago, kina sa ni jin kamar gawa." Sai can ya ce, "Ni ina ganin na cika su. Wallahi ina gani."

Uwargida ta fita. Na ji famfo yana zuba a kicin, ya daɗe yana zuba.

Da zan tafi ya ce in dawo jibi da takarda mai layi da fensir da yawa.

Talata, 24 ga Oktoba, shida na yamma

Ba su je Shinjuku yau ba. Daga tara zuwa huɗu yana gaban fiyano, ni ina gefe da allo a cinya. Ya buga ragowar na ashirin da uku, na rubuta da kunne. Ya sa na rera masa duk abin da na cika. Huɗu ya bari. Biyu ya ce, "Wannan na 'yan makarantar zuhudu ne, ladabi ya yi yawa," ya buga nasa, na rubuta. Wurin da Baba Mukai ya taɓa ya ce, "A'a, nan kin yi ƙarfin hali." Ban gyara masa zancen ba.

Na goma sha bakwai ne ya ƙi. Sau takwas ya fara sabo. Kowanne yakan tafi lafiya daƙiƙa ashirin, talatin, sai yatsun su zame su koma tsohuwar hanya, shi bai ji ba. Ni ce mai cewa, "Malam, kare ya dawo." Karo na farko ya yi dariya. Na takwas ya rufe fiyano a hankali.

Alhamis, 26 ga Oktoba, uku na yamma

Shi da kansa ya je kamfani jiya, da kwat da laktaye, Uwargida tana biye. Ban je ba. Ogasawara ya bugo ɗazu, babu mai hannun zinariya, babu tari. Ya ce ya ji komai. Ya ce gobe tana nan yadda take. Ya ce in na goma sha bakwai bai samu ba, zai sa wani ya rubuta mako mai zuwa, a buga sunan wancan a gefen lambar, kuma kowa zai tambayi dalili.

Talatin da ɗaya a ɗaure, kowane makaɗi da jakarsa. Na ƙirga sau uku. Tsakanin sha shida da sha takwas babu komai.

Juma'a, 27 ga Oktoba, bakwai da rabi na yamma

Zan rubuta a jere don kada in manta.

An fara goma daidai. Baba Mukai ne ya ja makaɗa daga kujerarsa, Malam yana ɗakin gilashi yana saurare, babu takarda a gabansa. Sau biyu ya tsayar da su da kunne kawai, kuma sau biyun yana da gaskiya. A na ashirin da biyu mai gogen tsakiya ta ɗan dube ni. Na duƙa ina gyara jaka.

Abincin rana shinkafa da kifi a kwali. Ban iya ci ba, Baba Mukai ya cinye nawa ya ce zunubi ne a bar kifi.

Biyar saura kwata aka gama na talatin da biyu. Minti goma sha biyar suka rage a lokacin situdiyo. Makaɗa suka fara sassauta baka. Malam ya tashi, ya buɗe ƙofa ya shiga wurinsu, ya sunkuya musu. Ya ce, "Saura ɗaya, kuma ba ni da takardar da zan ba ku. Ku yi haƙuri ku zauna, ba na son ɗaki babu mutane." Ya zauna gaban fiyano. Ya ce, "Ogasawara, karanto mini abin da suke so."

Ogasawara ya karanta ta lasifika.

Jar fitilar ɗauka ta kama. Ya fara da hannun hagu kaɗai, a hankali. Na riƙe agogona. Daƙiƙa ashirin. Talatin. A talatin da huɗu na ji yatsun sun nufi inda suka saba, na ga Baba Mukai ya runtse ido. Malam ya tsaya. Hannunsa yana sama, bai sauke ba. Shirun ya yi tsawon da na ɗauka shi ke nan. Sai ya sauko can ƙasa, wani wuri da ban taɓa jin ya je ba a shekara goma sha bakwai, ya tafi daga nan bai waiwaya ba.

Daƙiƙa casa'in da bakwai. Ba wanda ya yi tari har fitila ta mutu.

Mai na'ura ya ce, "Malam, a ƙara ɗaya don tsaro?"

"Ɗana, in ka san abin da na buga, zo ka buga. Ni ban sani ba."

Ɗakin ya fashe da dariya, wasu suna buga baka a jikin abin ɗora takarda. Malam ya juyo yana nemana ta cikin gilashi, ya ɗaga gira. Na girgiza kai: ba kare. Ya gyaɗa kai, ya nemi hularsa.

Ogasawara ya ce daƙiƙa bakwai ɗin shi zai ji da masu zane, su ƙara wa yarinyar tsayuwa. Ya ba ni kaset. Ya ce kuma Malam ya ce a sa sunana a ɗan littafin faifai, ƙarƙashin nasa, a kan guda huɗun nan da na cika ya bari. Na ce a ba ni zuwa Litinin. Ban sani ba. Huɗun ma ɗaya da hannun Baba Mukai a ciki.

Gobe:

Tattaro rabon makaɗa daga situdiyo, na mai ƙaho na biyu bai dawo ba.
Sayo tawada da takarda mai layi.
Mayar wa Uwargida laimarta.
Amsar Ogasawara. A'a, wannan sai Litinin.
Rubuta na goma sha bakwai daga kaset, kwafi biyu, ɗaya na kamfani.
Ɗayan in kai wa Malam. Uwargida ta ce ba zai iya karantawa ba, amma yana so ya riƙe.